'Yar Ɗan Kasuwa A Aji: Tarihin Wata Makarantar 'Yan Mata Ta Je-ka-ka-dawo A Landan

Duk sa'ad da maganar karatun 'ya'ya mata ta taso a tsakaninmu, ko a wurin taron ƙungiya ko a bakin rumfa bayan la'asar, tambayoyin ba su cika wuce uku ba. Ina yarinya za ta riƙa kwana? Me za a koya mata? Wa zai biya? Wani uban ya yarda da karatun, amma bai yarda 'yarsa ta kwana a wani wuri ba. Wani ya yarda da makarantar je-ka-ka-dawo, amma yana ganin kuɗinsa kawai ake ci, yarinya ta shekara shida tana sintiri ba ta iya rubuta wasiƙar kirki ba.

To, waɗannan tambayoyi ba a kanmu farau ba. Su kansu mutanen Ingila da suka kawo mana boko sun sha wannan gardama a tsakaninsu fiye da shekara 170 da suka wuce, kuma akwai wata makaranta a arewacin birnin Landan da ta amsa su a aikace, ɗaya bayan ɗaya. Sunanta North London Collegiate School. Makarantar kuɗi ce ta 'yan mata zalla, ta je-ka-ka-dawo, mai zaman kanta, kuma har yau tana nan tana aiki. Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, tun ranar da aka buɗe ta, 'ya'yan 'yan kasuwa irinmu suna cikin waɗanda aka buɗe ta dominsu.

Halin da ake ciki kafin 1850

A wancan zamani, ɗa namiji na mai matsakaicin hali a Ingila yana da tsofaffin makarantu da aka kafa da dukiyar waƙafi, inda zai koyi Latin da lissafi ya wuce jami'a ko ofis. 'Yar'uwarsa kuwa, ko dai a ɗauko mata malama a gida, ko a kai ta wata ƙaramar makaranta da wata mata ta buɗe a falonta. Abin da aka fi koyarwa a irin waɗannan wurare shi ne kaɗa fiyano, da ɗan Faransanci na burge baƙi, da zane, da yadda ake shiga ɗaki a zauna cikin yanga. Manufar ita ce a samu miji mai abin hannu, shi ke nan.

Amma ba kowace ke samun mijin ba. Ƙidayar jama'a ta 1851 ta nuna mata sun fi maza yawa a Birtaniya da kusan rabin miliyan. Ga kuma abin da kowane ɗan kasuwa ya sani: jari yakan karye, maigida yakan faɗi ya mutu ya bar bashi. Idan haka ta auku, aiki ɗaya ne ake ganin bai zubar da mutuncin 'yar irin wannan gida ba, watau ta shiga gidan masu kuɗi ta zama malamar yaransu, albashi kaɗan, ita ba 'yar gida ba ita ba baranya ba, in ta tsufa a sallame ta. Abin ya yi muni har aka kafa ƙungiyar taimakon irin waɗannan mata a Landan, wadda wani limamin coci mai suna David Laing ya riƙe sakatarenta. Da ƙoƙarin wannan ƙungiya aka buɗe Queen's College a 1848, domin a koya wa malamai mata abin da za su koyar.

Cikin masu zuwa darussan yamma na wannan kwaleji akwai wata budurwa, Frances Mary Buss. An haife ta a Landan a 1827. Mahaifinta mai zane ne, sana'ar da yau a samu gobe a rasa. Tana da shekara 14 ta fara koyarwa, kuma a 1845 ita da mahaifiyarta suka buɗe ƙaramar makaranta don taimaka wa gida. Da rana ta koyar, da yamma ta taka a ƙasa zuwa kwaleji, har ta samu takardun shaida a Faransanci da Jamusanci da labarin ƙasa. Daga baya ta bayyana cewa wahalar da ta ga matan gidaje irin nasu suna sha saboda rashin karatu mai tushe ita ce ta zaburar da ita.

Yara 35 a gidan iyali

Ranar 4 ga Afrilu, 1850, aka buɗe makarantar a gidansu, lamba 46 kan titin Camden, da yara 35. Malama Buss tana da shekara 22. Aikin na iyali ne, kamar yadda muke haɗa hannu a shago: uban yana koyar da zane da kimiyya, ƙannenta maza biyu, Alfred da Septimus, suna taimakawa da Latin da lissafi, Laing kuma yana sa ido a matsayin uban makaranta. Kafin shekarar ta ƙare yara sun haura 100, zuwa 1865 sun kai wajen 200.

Darussan ba na ado ba ne. Akwai Turanci da nahawunsa, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da Faransanci, da tushen Latin, da kimiyya, da zane, da ɗinki, da motsa jiki, da darasin addini. Kiɗa da rawa, waɗanda su ne kan gaba a wasu makarantun, a nan sun koma ƙari: mai so ya biya daban.

Abubuwa biyu suka bambanta makarantar tun daga farko. Na ɗaya, ba a duba sana'ar uba. Takardar sanarwar makarantar ta ambaci 'ya'yan ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, da akawuna, da masu saye da sayarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Ingila ta lokacin, inda ake ganin tsayuwa bayan kanta a matsayin ƙasƙanci. Shahararriyar makarantar 'yan mata ta Cheltenham, wadda Dorothea Beale ta fara shugabanta a 1858, ba ta karɓar 'yar mai shago ko da ubanta zai iya biya. A wajen Malama Buss kuwa 'yar likita da 'yar mai sayar da yadi benci ɗaya suke zama. Na biyu, ko da yake makarantar tana bin cocin Ingila, uba yana da ikon ya ce a cire 'yarsa daga darasin addini, don haka 'ya'yan Yahudawa da na Katolika suka shigo ba tare da an taɓa aƙidarsu ba. Mu da muke zaune a garin wasu mun san nauyin wannan magana.

Maganar kwana kuwa, Malama Buss tana da ra'ayi mai ƙarfi a kai. A ganinta tarbiyyar yarinya a gida take, gaban uwa da uba da 'yan'uwa, aikin makaranta shi ne ta ba da ilimi da horo ta maido yarinya gida kowace rana. Ta ajiye 'yan kaɗan daga nesa a gidan kwana, amma ginshiƙin makarantar je-ka-ka-dawo ne.

Ranar wanka

Kowane mai makaranta zai ce tasa ta fi. Ta yaya uba zai gane gaskiya? A lokacin Jami'ar Kambirij tana shirya jarrabawa ga yaran makarantun sakandare, amma maza kaɗai. Wata mai fafutuka, Emily Davies, ta matsa lamba har aka yarda a 1863 'yan mata su rubuta takardun nan na maza a matsayin gwaji. Mako shida kacal aka bayar na shiri. 'Yan mata 83 suka zauna, 25 daga cikinsu ɗaliban Malama Buss ne.

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A yawancin darussa 'yan matan sun yi abin yabo, amma a lissafi suka zube, har da da yawa daga cikin na Malama Buss. Masu cewa ƙwaƙwalwar mace ba ta ɗaukar lissafi suka samu abin faɗa. Ita kuwa ba ta tsaya neman uzuri ba. Ta gane cewa yaran haddar ƙa'ida suke yi ba tare da sanin dalilinta ba, sai ta sake tsarin koyar da lissafi gaba ɗaya, kuma cikin 'yan shekaru matsalar ta kau. A 1865 majalisar jami'ar ta amince a buɗe jarrabawar ga 'yan mata, da ƙuri'a 55 a kan 51. Ƙuri'a huɗu ce tsakani.

Wannan jarrabawa ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce ta ƙetaro har Nijeriya, ta zama takardar Kambirij da manyanmu 'yan boko suke alfahari da ita, kafin hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta karɓi aikin.

A daidai wannan lokaci gwamnati ta naɗa kwamiti a 1864 ya binciki makarantun sakandare. Da farko ba a yi niyyar duba na mata ba, sai da Emily Davies da abokan aikinta suka kai koke. A Nuwamba 1865 Malama Buss ta bayyana gaban kwamitin ta ba da shaida. Rahoton da ya fito a 1868 ya ce yawancin makarantun 'yan mata ba su da tushe ba su da tsari, ƙyale-ƙyale ya yi yawa, an bar abin da ya kamata a fara da shi. Watau iyaye suna biya, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Makarantar titin Camden tana cikin 'yan kaɗan da aka yaba. Sakamakon rahoton shi ne dokar 1869, wadda ta ce a riƙa sa 'yan mata cikin masu cin amfanin dukiyar waƙafi ta makarantu gwargwadon yadda zai yiwu.

Wa zai biya?

Zuwa 1870 makarantar tana kawo riba, kuma mallakar Malama Buss ce ita kaɗai. A nan ta yi abin da ba kowane mai dukiya zai iya ba. Ta lura cewa makarantar mutum ɗaya takan bi mai ita kabari, sai ta miƙa ta ga kwamitin amintattu, ita kuma ta koma shugaba mai karɓar albashi a makarantar da ta gina da guminta. Aka mayar da babbar makaranta zuwa wani gida a kan Camden Road. A tsohon gidan kuma aka buɗe ƙanwarta a 1871, Camden School for Girls, mai rangwamen kuɗi, domin iyayen da ba za su iya na babbar ba.

Sai neman kuɗin gini. Aka yi shela, aka rubuta wasiƙu, aka jira. Abin da aka tara a karon farko bai kai fam 50 ba, alhali a shekarun nan attajiran birnin Landan sun tara fam 60,000 domin makarantar maza. Kowa ya yarda da baki cewa karatun mata abu ne mai kyau, amma da aka zo sa hannu a aljihu sai aka ji shiru. Mai karatu zai iya tuna inda ya taɓa ganin irin wannan.

Mafita ta zo daga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Landan, tsofaffin ƙungiyoyin sana'a masu riƙe da amanar dukiyar magabata. Wani mai sana'ar dafa giya, Richard Platt, ya bar fili a unguwar St Pancras tun ƙarshen ƙarni na 16 domin riƙe wata makarantar maza, ƙungiyar masu sana'arsa ke kula da shi. Da kamfanin jirgin ƙasa ya sayi filin don gina tasha, kuɗin suka fi ƙarfin bukatar makarantar. A ƙarƙashin dokar nan ta 1869 aka cire fam 20,000 aka ba makarantun Malama Buss biyu. Ƙungiyar masu sana'ar tufafi ita ma ta biya kuɗin babban zauren taro, ta kuma ɗauki nauyin karatun wasu ɗalibai. A 1879 Yarima mai jiran gado da matarsa suka zo bikin sabon ginin a Sandall Road, inda ɗalibai suka kai wajen 500.

Yadda rana take tafiya

A nan ya kamata mu dakata mu leƙa cikin makarantar, domin tsoffin ɗalibai sun bar mana bayani. Ɗaya daga cikinsu, Molly Hughes, wadda ta yi karatu a can bayan 1880, ta ba da labarinta a littafin da ta fitar a 1936.

Tun daga ƙofar shiga ake gane irin wurin. Molly ta amsa tambayoyin jarrabawar shiga ba wata wahala, sai aka miƙa mata ƙyalle da allura aka ce ta ɗinka ramin maɓalli. Ba ta iya ba. Aka ce ta koma gida ta koyo, sa'an nan ta dawo. Duk Latin ɗin yarinya, in ba ta iya riƙe allura ba, ba ta cika ɗalibar Malama Buss ba.

Manyan darussa da safe ake yinsu, a tashi wajen azahar, yarinya ta koma gida ta yi sauran wuninta tare da iyalinta. Darussan ƙari ne kawai ake dawowa dominsu da yamma. Aikin da aka bayar a yi a gida kuwa yana da takarda: yarinya ta rubuta lokacin da ta fara da lokacin da ta gama, uwa ko uba ya sa hannu. Hikimar biyu ce. Malalaciya ba ta da wurin ɓuya, mai ƙwazo kuma ba za a bari ta raba dare tana karatu har ta yi wa kanta lahani ba. Ta wannan hanya iyaye suka zama rabin makarantar. Uban da yake ganin aikinsa ya ƙare da zarar ya biya kuɗi, takardar nan tana jiran sa hannunsa.

Dokoki kuwa ba a magana. Ba a hira a kan matakala, ba a zuwa da littafi ba bango, har jiƙewa da ruwan sama a hanyar makaranta laifi ne. Babu bulala. Wadda ta karya doka za ta je ta rubuta laifinta a wani littafi ta sa hannu, in sa hannun ya taru a kira ta gaban shugaba, kuma ɗalibai sun ce faɗan Malama Buss ya fi bulala zafi. Ita Molly tana ganin dokokin sun yi yawa, har sukan sa yara zaman ɗar-ɗar. Da gaskiyarta. Amma a tuna, duk gari ido yake sa wa 'yan matan nan ɗari biyar masu ratsa titi kowace safiya, kuma kuskuren ɗaya ya isa a ce ga abin da karatun mata ke haifarwa.

Wani abin da makarantar ta yi fama da shi shi ne maganar likitoci. A 1874 wani babban likita, Henry Maudsley, ya rubuta cewa karatu mai zurfi yana raunana jikin budurwa, har ya shafi lafiyarta ta zama uwa. Iyaye da yawa suka tsorata. Likita Elizabeth Garrett Anderson ta mayar masa da martani a rubuce, cewa zaman banza a ɗaki ya fi karatu cutar da 'yan mata. Malama Buss kuwa da aiki ta amsa. Ta sa aka gina ɗakin motsa jiki a sabon ginin, abin da ba a saba gani ba a makarantar mata. Ta ƙarfafa koyon iyo. Daga 1882 aka ɗauki likita mace, Frances Hoggan, tana duba lafiyar ɗalibai, tana rubuta irin motsa jikin da ya dace da kowace.

Bayan aji ma akwai harkoki. Makarantar ta fara fitar da mujallarta a 1875, inda ɗalibai ke rubutu. Akwai ƙungiyar muhawara, inda yarinya ke koyon tsayawa gaban jama'a ta kare magana da hujja. Akwai ƙungiyar ɗinki da ke haɗuwa ta ɗinka tufafi a raba wa matalauta, domin kada 'yar makaranta ta manta da na ƙasa da ita. Akwai ƙungiyar tsoffin ɗalibai, da ranar raba kyaututtuka, da bikin tunawa da kafuwar makaranta kowace shekara, wanda ya zama al'ada ɗalibai su zo da furen nan rawaya na farkon bazarar Ingila.

Abin da aka girba

A 1875 aka ɗauki wata malamar lissafi, Sophie Bryant. Da Jami'ar Landan ta buɗe digirinta ga mata a 1878, sai wannan malama ta shiga karatu tana kuma koyarwa, ta samu digiri a 1881, a 1884 ta zama mace ta farko a Ingila da ta samu digirin dakta a fannin kimiyya. Ɗalibai suna ganin abin da idonsu, ba labari aka ba su ba. Da yawa suka wuce Jami'ar Landan, wasu suka tafi kwalejin mata ta Girton a Kambirij, ko da yake ita Kambirij ba ta ba mata cikakken digiri ba sai 1948. Ɗaya daga cikinsu, Sara Burstall, ta zama shugabar babbar makarantar 'yan mata ta Mancesta a 1898.

Ba kullum shugaba ke da gaskiya ba. Wata ɗaliba mai suna Lilian Murray ta taso daga ƙaramar makarantar Camden, ta ci gurbin karatu kyauta a babbar. Malama Buss ta yanke cewa aikin da ya dace da ita shi ne koyar da kurame. Yarinya ta ce ita likitan haƙori za ta zama. Suka saɓa, ta bar makarantar. A Landan aka ƙi ɗaukarta karatun, har shugaban asibitin koyon aikin haƙori ya gana da ita a bakin titi don kada mace ta shiga ginin. Ta tafi Edinbara, ta gama a 1895, ta zama mace ta farko da ta samu takardar likitan haƙori a Birtaniya. A 1946, da sunan aurenta Lilian Lindsay, aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar. Taurin kan da makaranta ta koya mata, a kan shugabar makaranta ta fara gwada shi.

Wasu kuma suka ɗauki samfurin suka yaɗa. A 1872 Maria Grey da 'yar'uwarta Emily Shirreff da abokansu suka kafa kamfanin makarantun 'yan mata na je-ka-ka-dawo. Tun da sadaka ta ƙi samuwa, sai suka bi hanyar kasuwa: suka sayar da hannun jari a kan fam 5 kowane, garin da mutanensa suka sayi isasshe a buɗe musu makaranta. Ta farko ta buɗe a Chelsea a 1873. Zuwa 1900 suna da makarantu fiye da 30 da ɗalibai fiye da 7,000. Daga baya kamfanin ya koma gidauniyar amana, kuma yana nan har yau. Ita Malama Buss ta tara shugabannin makarantun mata a gidanta a 1874 suka kafa ƙungiya, ta shugabance ta har rasuwarta ranar 24 ga Disamba, 1894.

Bayan mai ita

Dabarar 1870 ta yi rana, domin makarantar ba ta bi mai ita ba. Sophie Bryant ta riƙe ta daga 1895 zuwa 1918. A 1929 aka sayi wani babban gida mai fili a Canons, unguwar Edgware, aka koma can gaba ɗaya a 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi makarantar ta shiga wani tsari inda gwamnati ke ba ta tallafi kai tsaye, ita kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na gurabenta kyauta ga yara masu ƙoƙari daga firamaren gwamnati. Shekara talatin 'yar talaka mai kai tana da ƙofar shiga.

A 1976 aka soke wannan tsari. Camden dama ta riga ta zama makarantar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, ba a biyan kuɗi. North London Collegiate ta zaɓi cin gashin kanta. Tana ɗaukar yara daga shekara 4 zuwa 18, tana cikin na gaba-gaba a sakamakon jarrabawa a Ingila, har an buɗe makarantu da sunanta a Jeju ta Koriya ta Kudu a 2011, da Dubai a 2017, da Singafo a 2020. Amma kuɗin shekara na babban sashe ya haura fam 20,000, kuma daga Janairu 2025 gwamnati ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Akwai asusun tallafa wa marasa ƙarfi, sai dai ba ya isar kowa. Makarantar da aka buɗe domin 'yar akawu da 'yar mai shago, yau akawu da mai shago da yawa sai dai su hango ta daga nesa.

To jama'a, tambayar kwana an amsa ta tun 1850: yarinya ta kwana a ɗakin uwarta, ta kuma yi karatun da ya kai na kowa. Tambayar abin da za a koyar, jarrabawar waje ce ta raba gardama, domin ba a barin mai kaya shi kaɗai ya riƙe ma'auni. Ta ukun ce ba ta amsuwa sau ɗaya a huta. Kowane zamani sai ya sake amsa ta, kuma a tarihin nan duk lokacin da aka samu amsa mai kyau, mutane ne suka haɗa hannu: amintattu, da ƙungiyoyin sana'a, da masu sayen hannun jari na fam biyar-biyar. Ko a ƙasar nan an ga irinsa. A Ibadan wata mai sayar da yadi, Alhaja Humuani Alaga, ita da matan ƙungiyar Isabatudeen, suka buɗe makarantar sakandaren 'yan mata a 1964. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu.